Dakata Mai Walda da Katin da Bai Fito Ba

Yana da sunansa na gaskiya, amma ko Goggo da ta haife shi sai ta ɗaga kai sama ta yi tunani kafin ta tuno. Dakata kowa ke ce masa. Goggo takan rantse cewa tun a ciki ya soma halin. Watan haihuwa ya zo ya wuce, ungozoma ta yi ta zarya har takalminta ya tsinke, shi kuwa gogan yana kwance abinsa, wai ko za a fito da wata sabuwar duniya da ta fi wannan.

Da ya tasa abin bai sake shi ba. Yara na jifan mangwaro suna sha, shi ya zaɓi guda ɗaya can ƙololuwa, kullum ya je ya riƙe ƙugu ya ce bai gama nuna ba, har jemagu suka gama nasu nazarin suka bar masa ƙwallo. Wayar da ke aljihunsa yau da roba aka ɗaure ta, in za ka kira mutum sai ka lallashe ta kamar jariri. Amma tambaye shi wayar da za ta fito baɗi, zai zayyana maka ita kamar a gidansu ake ƙerawa.

Sai dai a bakin aiki babu mai raina shi. Mai walda ne, shagonsa na bakin titi tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Ƙofar da Dakata ya ƙera, ɓarayi gaishe ta suke yi su wuce. Tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa. Kafin ya yanka ƙarfe zai auna, ya sake aunawa, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya ga ko ƙarfen ya canza shawara.

Wanda ya kai shi koyon sana'ar shi ne Yaya, wansa, direban tirela. Ƙato ne, in ya yi dariya a tsakar gida kaji tsalle suke yi. Shi ya riƙe Dakata tun rasuwar mahaifinsu, shi ya saya masa injin waldarsa na farko. Wata rana taya ta fashe masa a gangara, motar ta kife da shi. Ya rayu, amma likitoci suka yanke ƙafar hagu daga gwiwa, ƙafar taka kuloci. Tun da aka sallamo shi bai leƙa ƙofar gida ba. Aka kawo sanduna ya ce a jingine su bayan ƙyaure. Abokansa direbobi suka yi ta zuwa, ya yi ta cewa a ce yana barci, har suka gaji.

Ana cikin haka Dakata ya je gyara wa wani mai shagon kwamfuta ƙofa, wanda ake kira Injiniya duk da ba a san wanda ya ba shi sunan ba. Nan ya tarar da mutumin yana buga wani wasan kwamfuta na tuƙin tirela. Ga titi, ga gada, ga ruwan sama yana sauka a gilashi. Dakata ya manta da ƙofa. Daga nan ɗakin Yaya ya nufa.

"Yaya, zan mayar da kai hanya."

"Da wace ƙafar?" in ji Yaya, bai ko juyo ba.

"Ka bar min wannan."

"Na bar maka. Kai da ko ruwa aka aike ka sai ka jira sabon famfo."

A ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa ya kafa aikin. Ya samo kujerar tsohuwar mota ya ɗora a kan ƙarfe. Ya kafa sitiyari, ya sa birki da totur daidai ƙafar dama, kuloci kuwa ya mai da shi na hannu, kusa da giya. Ya rataye babban allo a bango. Kayan cikin kwamfuta Injiniya ya haɗa masa, akwatin da za a zuba su kuwa ya ce ba zai sayi na kanti ba yana mai walda, da hannunsa ya ƙera. Komai ya kammala sai abu ɗaya, katin hoto, wato abin da ke zana titin da motocin a kan allo. In babu mai ƙarfi, tirela sai ta riƙa tafiya tana dogarawa kamar mai ciwon baya.

Kuma ba rashin hali ne ya tsayar da shi ba, kuɗin saye na ajiye tuni. Kusan kullum da azahar sai ya rufe injin ya tafi wurin Injiniya, ya tsaya gaban gilashi. Kati biyu ne manya a ciki. Ɗaya mai fanka uku, tsawonsa kamar damtsen Yaya. Ɗayan ya ɗan fi shi gajarta, ba ya shan wuta sosai, ba ya zafi.

"Fito min da mai fanka ukun in gani."

Injiniya ya fito da shi. Dakata ya zaro tef.

"Maigida, jiya ma ka auna shi. Bai ƙara tsawo ba."

"Wannan ɗin zai nuna ɗigon ruwa a madubin gefe?"

"Har ƙudan da ya sauka a kai zai nuna."

"To ɗayan fa?"

"Shi ma zai nuna. Sai dai ƙudan ba zai yi kyau kamar na wancan ba."

Har Dakata ya kai hannu aljihu. Sai Injiniya, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ce, "Ko da yake an ce wanda zai fito nan gaba ya ninka su duka."

Shi ke nan, an gama da Dakata. Hannu ya fito daga aljihu wayam. Ya tambayi tsawon na gaban, Injiniya ya duba waya ya faɗa masa abin da masu jita-jita ke cewa. Ya koma shago ya yanke akwatin kwamfuta ya ƙara masa tsawo. Bayan wani lokaci aka ce ai na gaban ya fi haka kauri, ya sake yankawa ya ƙara faɗi. Aka ce zai yi zafi, ya ƙara wurin fanka. Ya ga akwatin ya yi nauyi, ya like shi da ƙarfen kujera don kada ya faɗi. A hankali akwatin da ya fara kamar na burodi ya koma kamar firjin mai sayar da ƙanƙara. Mai faci ya leƙo ya tambaya ko haya za a bayar da shi, yana da ƙani mai neman ɗaki.

Duk wanda ya yi masa magana amsa ɗaya ce. "Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan titin gaske, ba zan ba shi titin da zai raina ba." Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Can ƙasan ransa tsoro yake ji. Muddin katin bai zo ba, alƙawarin na nan da ransa. In ya zo kuwa, Yaya ya zauna ya ce wannan wasan yara ne, to Dakata ba shi da wani abin da zai sake miƙa masa.

Ran nan ya je gidan Yaya da tef ɗinsa, wai zai sake auna zamansa saboda zai sa wa kujera sabon soso. Matar Yaya na wanki a tsakar gida, ta tare shi.

"A'a, mijina na ajiya! Yau ma awo? Ni dai da kai na aura da har yanzu ana auna sadaki."

"Anti ke nan. Ya jikin nasa?"

Ta yarfe kumfa daga hannunta, dariyar ta ɗauke. "Ya sa na juya masa gado ya kalli bango. Ya ce ƙarar manyan motoci daga taga tana damunsa. Abincin safe ga shi can, ko taɓawa bai yi ba. Kai kaɗai yake yarda ka shiga, don Allah ka duba shi da ido, ba da tef ba."

Ya shiga. Ɗakin na warin man zafi da rufaffiyar taga. Ya taimaka wa Yaya ya tashi zaune a bakin gado, ya zagaya tef a bayansa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ya duba. Ya ce tef ɗin ya karkace, ya sake. Ya auna ƙugu. Kujerar da ya kafa daidai jikin Yaya ce, ya san awonta kamar sunansa. Yanzu in aka zaunar da mutumin a kai, sai a zura hannu ta kowane gefe ba a taɓa shi ba. Shi yana can yana faɗaɗa akwati saboda katin da ba a haifa ba, mai kujerar yana nan yana ƙanƙancewa.

"Ka gama?" in ji Yaya. "In makara ce kake auna min, ka yi ta da sauri, ita ba a jiran sabuwar fitowa."

Dakata ya naɗe tef, ya fita ko sallama bai yi wa Anti ba.

Injiniya na ganinsa ya miƙa hannu cikin gilashi kamar kullum. "Wanne za a auna yau?"

"Naɗe min mai fanka ukun."

Injiniya ya tsaya da baki buɗe. "Lafiya? Ka ga an ce wata mai zuwa..."

"In ka ƙarasa maganar nan, wallahi zan like maka ƙofar shago kana ciki."

Suka tafi tare aka sa kati. A cikin ƙaton akwatin nan ya zauna can tsakiya kamar yaro a babbar rigar ubansa. Aka kunna, titi ya fito tar, har Dakata ya kauce wa wata mota da ta taho. Ya kira mai faci da mai fenti su kama a ɗora a mota a kai gidan Yaya. Suka ɗaga da ƙyar, suka nufi ƙofa, ƙarfe ya daki bango. Suka juya shi, ya daki ɗaya gefen. Suka kwantar, suka miƙar. Mutumin da ya auna komai a duniya har da wansa, bai taɓa auna ƙofar ɗakin ba. Ginin kuma na haya ne, ba halin fasa bango. In ya ce zai yanka akwatin, sai an kwashe kayan ciki an koma farko.

Haka ya koma gidan, ya durƙusa gaban gado yana sosa ƙeya. "Yaya, na sayi katin. Motar ta tashi."

"To ina take?"

"Ta ƙi fitowa ta ƙofa."

Sai kafaɗun Yaya suka fara rawa. Dakata ya tsorata, ya zaci kuka ne. Ashe dariya ce, ta fito da tsatsa kamar injin da ya daɗe a ajiye, har Anti ta shigo da gudu da ludayi a hannu.

"Kin ji sakaran ƙaninki? Ya gina tirela a cikin ɗaki!" Ya share ido. "Kai, tun da nake ban taɓa jin wauta irin wannan ba. Wannan ba a ba ni labari. Miƙo min sandunan can."

Anti ta juya baya da sauri kamar tana neman wani abu, ta goge fuska da gefen zane, sannan ta ɗauko su.

Tafiyar da ba ta fi a ɗora shayi ya tafasa ba, sai da suka yi ta kamar masu ƙetare ƙasa. Yaya na dogarawa yana zagin sanduna, yana zagin titi, yana zagin Dakata da ke son riƙe shi. Mutane suna ta yi masa barka da fitowa, yana amsawa da ka. A shago ya tsaya ya ƙare wa akwatin kallo, ya ce ya taɓa kwana a ɗakin da bai kai shi ba. Sannan ya zauna. Dakata ya cusa tsumma ta gefe da gefe don kujerar ta kama shi, ya koma jikin bango.

Yaya ya shafa sitiyari. Ya laluba kulocin hannu, ya matsa, ya saki, ya sake matsawa. Motar ta mutu. Ya tayar, ta sake mutuwa. A karo na gaba ta ɗaga a hankali ta hau titi.

"Taka ta, Yaya!" in ji Injiniya. "Katin nan ko gudun jirgi ka yi ba zai girgiza ba."

"Kai, rufe min baki. Kayan mutane ne a baya."

Haka ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana ba da hannu, yana duba madubi, yana yi wa ƙananan motoci faɗa. Da aka fara ruwa a allo sai ya rage gudu, ya matso da fuska.

"Dakata."

"Na'am, Yaya."

"Madubin hagu ya yi ƙasa. Wane makaho ne ya saita shi?"

Dakata ya zo ya gyara. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

La'asar ta yi, Anti ta biyo su da kwanon abinci, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ƙeyar mijinta. "Direba, a ɗan tsaya a ci abinci mana."

"A tsakiyar gada? Kin taɓa ganin inda aka yi haka? Bari in sami wurin fakin."

Sai da ya sami fili a gefen titi, ya shiga a hankali, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Sannan ya karɓi kwanon ya ɗora a cinya, ya cinye tas, ya tambaya ko da saura.

"Gobe da sassafe ka buɗe shago," ya ce wa Dakata yana suɗe hannu. "Ban kai kayan nan ba, kuma ni ban taɓa makara da kayan mutane ba."