Rabon Mai Allura da Firjin Auta

Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a ɗakin yara, shi ya sa har bayan ta yi ritaya ba a san ta da wani suna a unguwa ba sai Mai Allura. Mace ce mai tattali. Ko ledar kanti sai ta wanke, ta shanya, ta ninke.

Da mahaifinsu ya rasu aka sayar da gidansa, ita da ƙanwarta Auta suka samu rabo daidai. Mai Allura ta kai nata banki ta zuba a asusun ajiya. Auta kuwa, wadda ko sakandare ba ta ƙarasa ba, ta sayi firji uku da janareta, ta kama shago a bakin tasha tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi.

"Gadon Baba za ki mayar ruwa?" in ji Mai Allura.

"Yaya, ke ma ai ruwan kike jira, na banki."

Shekara shida ana nan. Duk ƙarshen wata saƙon banki na shigo mata a waya, sai ta sa tabarau ta duba, ta ga kuɗin ruwan da aka ƙara mata ko tukunyar gas ba zai cika ba. Rannan ta shirya ta je da kanta. Ma'aikacin bankin ya juyo mata da kwamfuta.

"Mama, kuɗinki na nan lafiya, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ruwan ajiya ne aka rage ko'ina."

Tana fitowa wata farar mota ta tsaya a gabanta. Auta ce. Firjinta sun kai tara, ta yi shago na biyu.

"Shigo mana, Yaya, rana ta yi zafi."

Ta shiga. Kujerun ma ba a cire musu leda ba. Ta ce sanyin motar na sa ta mura, a kashe. Har suka iso gida ba ta ce Allah ya sanya alheri ba.

Daga nan ta tsiri faɗa wa maƙwabta cewa ƙanƙara na lalata maƙogwaron yara, ita da ta yi aikin asibiti ta sani. In ta bi ta tasha sai ta rage tafiya, tana ƙirga masu layi a ƙofar Auta. Da Auta ta aiko mata da sabon turmin atamfa, ta jefa shi ƙasan akwati, ta ce launin na 'yan mata ne.

Wata Litinin ta cire kuɗinta kakaf ta nufi kasuwa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Mai shagon firji ya faɗi farashi, ta sa ya maimaita. Abin da ya sayi firji uku da janareta a da, yanzu firji ɗaya kawai zai iya saya.

Ta saya. Auta ta ji labari ta zo da murnarta.

"Yaya, kawo shi shagona, akwai wuri, ga wuta."

"Na gode. Falona ya ishe ni."

A falon yake har yau, ya tare rabin taga. Yaran layi na zuwa sayen ƙanƙara jefi-jefi, kuma duk wanda ya miƙo kuɗi sai ta tambaye shi ko tata ba ta fi ta tasha ƙarfi ba.