Daddawar Batso a Kuncina

A gidanmu na Dogarawa, in an gama cin tuwo bayan magariba, Kaka Tabawa kan tura guntayen kara cikin murhu, ta zauna kan turmin da aka kifar, mu jikoki mu kewaye ta don jin tatsuniya, muna ture-ture. Wanda ya samu wuri kusa da ƙafarta shi ke samun ƙanzo. Kullum ni nake samu, domin na fi kowa kaifin gwiwar hannu. Lokacin ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Babanmu yana kan hanyar Kwatano da babbar mota, gida kuma yana hannun ƙanensa, Baba Ilu, ɗan kabu-kabu.

Wata rana na tsinci karyayyen madubin babur ɗin Baba Ilu, na ce bari in nuna wa ragon gidanmu fuskarsa, ko ya san muninsa. Na durƙusa, na riƙe madubin daidai idona. Rago ya duba, ya ga wani ƙaton rago yana hararsa, ya ja da baya. Ni a zatona kunya ya ji.

Da na dawo hayyacina, kuncina na hagu ya kai girman albasar Galmi, launinsa ma irin nata, ido ya shige ciki ya kulle ƙofa.

Baba Ilu ya dawo da la'asar, ya kama haɓata ya juya ta kamar mai tayin akuya.

"Wanga jini ya mutu," in ji shi. "In ba a fid da shi ba, ido za ya ci. Bari in kirawo Nomau."

Nomau shi ne wanzamin gidanmu. Na san askarsa, ita ma ta san ni tun ranar kaciya. Na kuma taɓa ganin yadda yake aikin kumburi: ya tsattsaga wurin, ya kifa ƙaho, ya sa baki ya yi ta zuƙa, sannan ya zazzage baƙin jini guda-guda a cikin kasko, kaji na jira. Wannan za a yi mini, a gefen ido, kuma tabon ya bi ni har kabari.

Na ruga na faɗa jikin Kaka. "Kaka, ki hana!"

"In hana wa, angona? Wanzamin gida ba a korar shi. Shi ya yi ma ubanka askin suna. In na ce ya koma, gobe wa za ya yi ma ƙannenka? Zauna nan."

Ta tsoma tsumma a ruwan randa mai sanyi, ta ɗora mini a kunci. In ya ɗumama ta sake tsomawa. Haka muka yi har rana ta faɗi, zogin ya fara kwanciya, na fara tunanin Kaka mutuniyar kirki ce. Sai aka aiko cewa Nomau ya dawo daga kasuwa, yana tafe in ya ci abinci. Kaka ta shiga ɗaki ta fito da sakaina.

Jama'a, abin da ke cikin sakainar nan! Daddawar batso ce, wadda ta tsufa har ta fara gemu. Ta haɗa da wani man shanu da yake cikin buta tun kafin a haife ni. Ta laluba ƙasan buhu ta zaro albasar da ta ruɓe ta zama ruwa, ta matse a ciki. Da ta ga kwaɓin ya yi tauri, sai ta tauna goro ta tofa, ta dama da ɗan yatsa. Ina kallo.

"Kaka, gara askar."

"Rufe baki, kada ya shiga."

Ta shafe ni daga gindin kunne har gefen hanci, ta kewaye idon a hankali. Ƙudajen da suka riga suka kwanta sai da suka tashi suka zo gaisuwa. Wani ƙadangare ya saki bango ya faɗo. Yayata Rabi da sauran yara suka kwashe tabarma suka koma can bayan rumbu, ranar ba wanda ya yi mini takarar ƙanzo. Na kai hannu zan goge, Kaka ta buge shi.

"Ga ta nan tafe, da ita da warinta," in ji ta.

Daga bayan rumbu Rabi ta amsa, hanci a toshe: "Ta zo, amma ta tsaya daga nan."

Wai a da can, tunku ya fi duk namun daji ƙamshi. In ya wuce, barewa kan bi sawunsa tana shaƙa. Ran nan ya tura kai cikin kogon zuma, zuma suka taru a kuncinsa, ya kumbura. Kura ta ji labari ta zo dubiya, ta ce ita ta gaji maganin kumburi, tsotsewa take yi. Ta riga ta tsotse wa zomo, shi ya sa ba a sake jin kukansa ba. Kakar tunku ta rasa yadda za ta ce wa kura a'a, ga haƙora. Ta ce, "To, ki dawo da yamma, in yi masa wanka." Ta ja jikanta zuwa inda giwa ta mutu tun damina, ta mirgina shi ciki, gaba da baya. Kura ta zo tana lashe baki, ta sunkuya, ta shaƙa. Kura fa, mai cin mushe! Ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Shi kau tunku," in ji Kaka tana kallona, "tun ran nan bai sake wanka ba, awa wani da na sani."

Ban yi dariya ba.  Ko kaɗan ban ga abin da ya haɗa ni da tunku ba.

Sai ga sallama. Nomau ya shigo da zabirarsa, Baba Ilu na biye da cocila. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, ya shimfiɗa buzu, ya jera askake da ƙaho.  Ya kama kaina, ya matso da fuskarsa. Na ga hancinsa ya motsa. Na ga gemunsa ya ja baya tun kafin shi ya ja.

"Inna, mi kunka sa ma yaron ga?"

"Ɗan maganin tsoffi ne, Nomau. Kafa ƙahonka bisa, ba ya hana komi."

Ya ɗauki tsumma ya goga. Man shanu ya riga ya shiga fata, gugar sai ta tashi warin sabo fil. Ya dubi ƙahon da zai sa a bakinsa, ya dubi kuncina, ya haɗiye wani abu da ƙyar. Baba Ilu ya riƙe cocila da hannu ɗaya, hanci da ɗaya.

"Wanga kumburi bai nuna ba," in ji Nomau. "Ɗanye ne. Wanda ya tsaga ɗanye ya ɓata aiki. A bari ya kwana biyu."

"Kai ka san aikinka," in ji Kaka. "Rabi, kawo mai tuwo."

"Alhamdu lillahi, Inna, na ƙoshi!"

Muna jin tofar da yawunsa har ya sha kwana.

Washegari Kaka ta koma gasa mini wurin da tsumma mai ɗumi. Kunci ya sauka, ya yi shuɗi, ya yi kore, ya yi rawaya, ya gama yawonsa ya dawo gida. Amma duk safiya sai ta sake laƙaba mini batso, ko Nomau zai leƙo. A lakwal malam ya mai da ni bakin taga ni kaɗai. Yara suka raɗa mini suna Batso, sunan ya biyo ni har kwaleji a Ƙonni. Miyar da aka sa wa daddawa kuwa, har yau in na shaƙa sai hanjina ya nemi hanyar fita.

Sai da na girma kaɗan na gane tatsuniyar. Ruwan randa ne ya yi magani. Abin cikin sakaina ba don ni aka dama shi ba, don hancin Nomau ne, ya ƙi da kansa, ya fita da girmansa. Na kan shafa gefen idona in ji shi sumul, in ce ashe akwai ƙaunar da ba ta zuwa da ƙamshi.

Hutun bara na ce mata, "Kaka, na gano dabararki."

"Wace dabara? Magani ne." Ta ƙura wa goshina ido. "Wanga ƙurjin fa, tun yaushe? Rabi, miƙo min sakaina."

Ban tsaya neman takalmi ba.