Buhun da Na Sayo wa Dokin Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifina a Roni, kula da dokinsa ya dawo wuyana. Wani kili ne da ya fara tsufa. A kansa Baba yake zuwa gona da kasuwar Gwiwa, don har ya kwanta bai taɓa yarda ya hau babur ba. Ni kuwa aikin ofis nake a Kazaure, sai Asabar nake leƙa gida. Iyakar sanina da doki shi ne kada in tsaya a bayansa.

Da rani ya yi nisa ciyawa ta ƙare, sai dokin ya fara ramewa. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashinsa ya dushe. Mahaifiyata tana zuba masa dusa da karan dawa, amma kullum baya yake yi. Wata rana Baba ya hango shi ta taga, ya kamo hannuna. A lokacin maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena bakinsa na ji ya ce, "Harawa... kanwa... kaɗan-kaɗan."

Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Amma a raina na raina maganar. Gani nake dabarar mutanen da ce, ni ɗan boko ai zan nemo abin da ya fi haka.

Na shiga wani shagon abincin dabbobi na ce ina son abin da zai sa dabba ta yi ƙiba da wuri. Ban ce doki ba ne, shi ma mai shagon bai tambaya ba. Ya jawo wani buhu ya ce, "Yallaɓai, masu kiwon sallah shi suke saya. Sati biyu za ka ga canji."

Na ɗaure shi a bayan babur har Roni, ina ta jin kaina. Ina cika wa dokin daro, mahaifiyata ta tsaya tana duban buhun, ta ce, "Anya wannan na doki ne? Ni hoton bijimi nake gani a jiki." Na yi dariya na ce, "Inna, dabba ai dabba ce."

Ranar Litinin ina ofis ta kira ni, ta ce dokin sai gumi yake yana tangaɗi, ya ƙi cin komai. Na ɗauko likitan dabbobi muka taho. Muka tarar da shi kwance a gindin turke, numfashi sama-sama. Likitan ya karanta rubutun jikin buhun. Can ya ce, "Malam, akwai maganin da ake haɗawa a irin wannan abincin. Shanu yana musu amfani, doki kuwa zuciyarsa yake kamawa. Dokin nan ba ƙiba yake nema ba. Harawa mai kyau da gishiri, sai ɗan garin ƙarin lafiya na dawaki a cikin dusa. Da a hankali zai murmure."

Ya yi masa allura, amma kafin la'asar dokin ya mutu. Da amalanken shanu aka fitar da shi bayan gari.

Mahaifiyata ta ce ni zan gaya wa Baba. Na durƙusa a gaban gadonsa na faɗi komai, ban rage ba. Ya zuba wa rufin ɗaki ido, hawaye yana gangarowa gefen kunnensa. Bai yi faɗa ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne, "Ya sha ruwa?" Na ce ya sha. Ƙarya na yi, ban ma sani ba.

Tun daga nan na rage saurin nuna na iya, musamman a kan abin da wani ya shekara talatin yana yi da hannunsa. Amma ba wannan ne yake damuna ba har yau. Ban taɓa roƙon Baba gafara a kan dokin nan ba. Ina ta jira ya samu sauƙi, bakinsa ya buɗe, mu zauna mu yi maganar sosai. Kafin a yi girbin shekarar ya rasu.