Takarda ɗaya ta rage, Malama Luba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama Luba ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni ina tsugune ina wanke shinkafa. Shinkafar ma saboda ita nake wankewa, don yau Laraba ta ce za ta zo gidanmu a Birnin Tudu. Waya ta yi ƙara, na ga lambarta, na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu ina cewa, "Malama, kin taso?"

Sai na ji muryar babbar ɗiyarta. Ta ce bayan sallar asuba Malama ta ce kanta na sara, aka fita neman mota, kafin a dawo rai ya yi halinsa.

Na ce mata ƙarya take yi. Allah ya yafe mini, haka na ce wa yarinyar da uwarta ta rasu ko awa biyu ba a yi ba.

Waɗanda suka yi sakandaren 'yan mata da ni a Mafara ba sai na faɗa muku ko wace ce ba. Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamar da ke yawo da baƙar jaka mai ɓallallen zif. Cikin jakar nan babu komai sai fayil-fayil na yaran mutane, marayu da 'yan riƙo. Duk inda ta ji ƙishin-ƙishin sikolashif, wato tallafin karatu, ko wata makaranta da ke yafe wa irinsu kuɗin karatu, sai ta bi diddigi ta samo fom.

Ba aikinta ba ne. Lissafi take koyarwa.

Ba ta taɓa tsayawa a asambuli ta ce marayu su ɗaga hannu ba. Sai dai ta aike ki ɗauko mata alli a ofis, ta biyo bayanki ta tura ƙofa. Haka ta yi mini muna aji shida. Ta ce, "Zulai, ni ma gidan kawuna anka riƙe ni. In akwai magana, ki hwaɗi, nan za ta tsaya."

Ban san yadda aka yi ta gane ba har yau.

To ga shi zan rubuta abin da ban taɓa rubutawa ba. Ni 'yar riƙo ce. Mahaifiyata ta rasu wurin haihuwata, mahaifina ya bi ta ina shekara biyu, a Maradun. Baba Alu amininsa ne, shi ya ɗauko ni ya kawo wa matarsa Inna. Ina shekara goma sha biyu na sani, a bakin famfo, daga bakin wata da muka yi faɗa a kan layi. Na dawo gida ban ce komai ba. Baba ya san na sani, ni ma na san ya san na sani, amma ta ciki na ciki. A gidanmu ba a taɓa furta maganar ba.

Baba ba ya Fesbuk. Masu zuwa gidanmu, don girman Allah kada wanda ya karanta masa wannan.

Malama ce ta saya mini fom ɗin jarrabawa. Ita ta kai ni wurin mai hoto, ta gyara mini hijabi, ta ce in daina ɗaure fuska kamar an aiko ni karɓar gawa. Barkono take kirana saboda saurin fushina. Ranar da za a yi mana rajista a kafen intanet, netwok ya ɗauke tun hantsi, kowa ya watse, ita ta zauna kan benci har la'asar tana yi wa mai kafen tsiya, wai ko kwamfutarsa da gawayi take aiki.

Da admishan ɗina ya fito na kwalejin koyon aikin jinya, ta fi ni tsalle. Ni murnata rabi ce, don na san halin gidanmu. Gonar Baba ta hayin gulbi shekara biyu ke nan ba a shiga saboda halin da ake ciki, sai ɗan fegin shinkafa da albasa na Bakolori muke ci. Kuɗin kwalejin nan ko an sayar da mu ba zai fito ba.

Sai Malama ta samo wata gidauniya da ke biya wa marayun da ke hannun riƙo kuɗin makaranta da ɗakin kwana har su gama. Na cika fom, na yi intabiyu ta waya, suka ce na ci.

Sannan suka duba takarduna.

Ranar da Baba ya kai ni firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba, ya ba da nasa. Wa zai ce ya yi laifi? Haka ake yi a garinmu. Daga nan sunan ya bi ni, satifiket ɗin firamare, na sakandare, katin ɗan ƙasa, ko'ina Zulaihatu Aliyu. A takarda ubana yana raye yana noman albasa.

Gidauniya ta ce ba matsala, abu ɗaya suke so. Wanda ya riƙe ni ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa ba shi ya haife ni ba, mahaifina ya rasu. A ɗora a shafinsu na intanet kafin a rufe ranar Juma'a. In ba haka ba a ba wanda ke bina a layi.

Jibi ke nan.

Kada ku ce a nemi wani shaida. Duk Birnin Tudu an san labarina, amma babu dattijon da zai buɗe baki ya faɗa alhali Baba bai faɗa ba. Mai unguwa cewa ya yi shi ba ya shiga gaban Alu.

Sau biyu Malama tana hawa mashin tun daga Mafara saboda maganar nan. Zuwan farko ita da Baba sun fi minti goma suna gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an tambayi albasa, ni ina bayan ƙyaure ina saurare. Sannan ta kawo maganar.

Baba ya ce, "Malama, kin san abin da kika nema gare ni? In tahi gaban mutane in ɗaga hannu in ce wagga yarinya ba tawa ba ta? Ran da ubanta ka mutuwa ya riƙe hannuna yac ce, Alu, kak ka bari ta san maraici. Nic ce na ɗauka. Shekara goma sha bakwai ban saki ba."

Malama ta ce ai ko addini ya ce a kira yaro da sunan mahaifinsa.

Ya ce, "Na sani. Liman ma ya hwaɗa mini. Bakina na ba ya iyawa."

Ya cika mata leda da albasa ya raka ta bakin hanya. Zuwa na biyu ma haka, gaisuwa, a'a, albasa.

Bayan tafiyarta ta biyu ne na yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Baba na alwala na tsaya kansa na ce, "To tunda ni ɗiyarka ce, sai ka biya da kanka."

Bai ɗago ba. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ajiye buta, ya fita. Inna ta kalle ni ta ce, "Zulai, kin kyauta."

Magana zarar bunu. Kwana tara ke nan daga ina kwana sai lafiya lau tsakanina da shi. Abincin da na kai masa yakan ci, amma ba ya cewa sannu.

Jiya Talata na shiga motar 'yan kasuwa na je wurin Malama. Na same ta a tsakar gida ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta miƙe ƙafafu a tabarma. Na ga ƙafafun sun kumbura. Wallahi na gani. Ban tambaye ta ba, don abin da ya kawo ni ya rufe mini ido.

Na ce mata na samo mafita. Wata ƙawata ta ce akwai masu zama a bakin kotu, ka ba su na goro su samo dattijon da zai tsaya a matsayin Baba ya dangwala hannu. Minti talatin an gama, Baba ma ba zai sani ba.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Barkono, zauna."

Na ce a tsaye ma ina ji.

Ta ce, "Da rantsuwar ƙarya za ki shiga aikin da rayukan mutane ka hannunki? Kuma ran da tsohon ga yaj ji an yi hayar wani uban an kai kotu da sunanai, mi za ki ce mai? Takarda ana sake ta, Zulai. Tsohon ga ba a sake shi."

Na ce ita ba abin da zai dame ta, ba karatunta ne zai tafi ba.

Haka na ce mata. Matar da ta ƙona man mashin sau biyu a kaina.

Ba ta yi fushi ba, dariya ma ta yi. Ta ce, "Gobe ina nan tahe. Na ukku shi ka cika. Ki dahwa mini shinkafa da wake, kak ki cika yaji." Ta kira ɗiyarta ta zuba mini kunun zaƙi a gora. Na karɓa ban yi godiya ba, na fito ina ƙunƙuni.

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yau da na ajiye waya na fasa ihu, Baba ne ya fara shigowa daga zaure. Inna ta faɗa masa. Ya cire hula ya mayar, ya yi salati, ya shiga ya turo mashin. Bai ce in hau ba, tsayawa kawai ya yi a ƙofar gida injin na aiki har na fito.

Na hau bayansa muka kama hanyar Mafara.

Gidan ya cika da tsofaffin ɗalibanta. Wata ta zo da kayan asibiti a jikinta, daga wurin aiki ta taho. Wata malamar firamare ce yanzu a Bakura. Muna ta kallon juna, kowa na mamakin ganin 'yar'uwarta, don Malama ba ta taɓa faɗa wa ɗaya sirrin ɗaya ba. Yarinyar da muka yi shekara uku muna kwana gado sama da ƙasa, sai yau na san ita ma 'yar riƙo ce.

Bayan maza sun tafi kai ta, ɗiyarta ta ja ni ɗaki ta miƙo mini fayil ɗina. Ta ce jiya da yamma Malama ta ware shi ta ajiye kusa da mayafin da za ta sa. Na buɗe. Komai a jere, hoto, admishan, sakamako, har fom ɗin rantsuwar ta cike da rubutun hannunta. Wurin sa hannu ne kawai babu komai.

A nan kukan gaske ya zo mini. Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni: ina kukan Malama, ina kuma kukan kaina. Wa zai yi zuwa na uku? A raina na riga na sallama, na ce karatu ya bi ta kabari.

Da azahar muka kamo hanyar gida, fayil a ƙirjina. Mun wuce babbar kwatar ruwan Bakolori sai Baba ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya kashe mashin. Na ɗauka wani abu ya hango a gaba, kun san hanyoyinmu yanzu. Na waiga hagu da dama, babu kowa sai masu ban ruwa.

Bai juyo ba. Ya ce, "Ƙarhe nawa aka buɗe kotun?"

Na ce takwas, ina jin.

Ya ce, "Matar ga ta taka ƙahwa so biyu har gidana don ɗiyar da ba ta haihwa ba. Yau ni niz zuba mata ƙasa da hannuna. Ba ni iya kwana da wanga nauyi."

Na fara cewa, "Baba, maganar da na faɗa rannan..."

Ya ɗaga hannu. "Bari. Gobe mu tahi. Amma sharaɗi guda. Ke ba ki shiga. Ki tsaya waje inda ba ki jin muryata. Su ji, su rubuta, su buga hatimi. Ke dai kak ki ji shi ga bakina."

Na ga kafaɗunsa na rawa. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Sau uku yana taka mashin kafin ya tashi.

Yanzu da nake rubutun nan yana zaure shi kaɗai, abincin rana na nan a rufe bai taɓa ba. Ban sani ba ko gobe in an miƙa masa Alƙur'ani bakin zai buɗu. In ya fito ya ce ya kasa, na yi wa kaina alkawari ba zan ce komai ba, zan hau bayansa mu dawo gida. Tsoro nake ji ya kasa, kuma wallahi tsoro nake ji ya iya.

Malama, ban ce na gode ba jiya. Na gode. Ki yafe mini.

Ya Allah ka jiƙan Malama Luba, ka yalwata mata kabari, ka haskaka shi. Yadda ta rufa asirin 'ya'yan mutane, ka rufa nata ranar tsayuwa. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, ka haɗa su da mai riƙe su da amana. Sauran fayil ɗin da ke cikin jakarta, ka kawo wanda zai ɗauka.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce da danna alama kawai. Ka karanta mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Gobe kuma da ƙarfe takwas, in kun tuna, ku sa wani tsoho manomi a addu'a, Allah ya sassauta masa abin da zai faɗa saboda ni.

Ni ina waje, a bakin ƙofar kotu, ina jiran babana.