Rasuwar Injiniya Mudathir Jalo, Wanda Ya Koya Mini Rubuta Direba

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, da hantsi, ƙanenka ya kira ofis ya ce Allah ya yi maka rasuwa a gidanka na Tirwun, bayan wata biyar kana jinyar ƙoda. An yi jana'iza bayan azahar.

Shekara shida na yi a ƙarƙashinka, Malam. Aikinmu rubuta direba, ƙaramar manhajar da ke tsakanin kwamfuta da faifan ajiya. Ita ke yanke abin da za a fara yi: ɗauko bayanin da ake nema, ko adana sabon da aka shigar. In aiki ya yi yawa, dole ɗaya ya jira.

A shekarata ta biyu wani ɗakin gwajin jini a hanyar Miri ya kawo kuka, fayil ɗin majiyyaci sai ya yi minti guda bai buɗe ba. Ka ba ni aikin. Na sa ɗaukowa a gaba ko da yaushe, adanawa ta riƙa jira a layi. Fayil ya koma buɗewa nan take, suka yi ta yabo. Bayan sati uku aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batir bai karɓa ba, sakamakon gwajin mutum arba'in da ɗaya da ke layin adanawa ya ɓace. Cikinsu har da mata masu juna biyu da suka taso daga Zungur.

Mai wurin ya zo yana neman a kore ni. Ka ce masa, "Ni na duba aikin, ni na sa hannu. In kora ce, da ni za a fara." Washegari ka ɗauki ma'aikaciyarsu a motarka, kuka bi gida-gida aka sake ɗibar jini. Kwana huɗu kuka yi.

Ni kuwa abin da ka ce mini bai fi wannan ba: "Lilian, mai neman fayil yana tsaye yana ƙorafi, shi ya sa kika ji shi. Wanda aka shigar da sakamakonsa ya riga ya tafi gida." Muka sa iyaka: babu bayanin da zai jira adanawa fiye da rabin daƙiƙa. Buɗe fayil ya ƙara ɗan jinkiri, ba a sake rasa komai ba.

Ba ka da yawan yabo. Akwai aikin da ka dawo mini da shi sau biyar. Amma ba ka taɓa kirana aiki ranar Lahadi ba, ko ka tayar da maganar ɗakin gwajin nan a gaban kowa.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka. Ga mahaifiyarka Hajja, da matarka Zakiyya, da 'ya'yanka Yasmin da Sabitu, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku.

Lilian Luke, Bauchi