Sojojin Baba Lawali Marasa Ido

Baba Lawali ya tafi. Da safen nan ina bakin aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda 'yarsa Zulaiha ta kira ni, ta ce da Larabci, "Ammu, Baba halas." Ban gane ba sai da ta fashe da kuka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga sallar asuba ya dawo, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Shi ke nan. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Masu bina a nan kun saba ganin hotunan 'yan sojojin nan da ba su wuce babban yatsa ba, waɗanda muke jerawa a tebur mu yi yaƙi da ƙwayar lido da abin awo. Wasunku har tsiya kuke mini, wai ƙato da gemu yana wasan 'yar tsana. Na ji, na yafe. To duk wanda kuka ga ya yi kyau a cikinsu, Baba Lawali ne ya yi masa fenti.

Mutumin Damagaram ne, ɗan gidan maƙeran azurfa. Ya daɗe yana tsaron wani ɗan shagon wasanni na kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, a unguwar Sharafiyya.

Ranar da na fara shiga, na ɗauki kwamanda guda ɗaya tal, na ga kuɗinsa ya kusa kamo na kwalin sojoji cur. Na ce haba! Ni Bakano ne, ba a taɓa yanka mini kuɗi na ciro na biya ba. Na taya da Larabcina mai ɗingishi.

Ko ɗagowa bai yi daga fentinsa ba ya ce, "Albarka."

Na ce, "Au, Bahaushe ne?"

Ya ce, "Kai kuma Bakano. Ku ko likkafani sai kun taya."

Ya turo mini kujera da ƙafa, ya zuba mini shayi. Ya ce, "Ɗana, ba roba kake saye ba. Robar nan ko kuɗin shayin hannunka ba ta kai ba. Ƙarfen da ake zuba ta a ciki shi ne mai tsada, kuma kowace siffa sai an sassaƙa mata nata. Sojoji kowa kwali-kwali yake kwasa, sai kuɗin ƙarfen ya rarrabu a kansu. Kwamanda fa? Ɗaya za ka saya har ka tsufa. Shi kaɗai zai ɗauki nauyin ƙarfensa."

Ya ce haka yake a maƙerarsu: zoben da aka yi wa zubi na musamman ya fi na gama-gari da ake tallarsu a tire tsada, ko da azurfar ɗaya ce.

Na ce to ai ka manta kuɗin jirgi da na kwastan, nan kuma fagena ne. Ya yi dariya, ya ce to mun haɗu. Na biya yadda ya faɗa, kuma har yau ban ba kowa wannan labari a Kano ba.

Mutum ne da ba ya son a cuce ka. Ka zo da zafinka za ka sayi wani mahayi da kowa ke rububi, sai ya ce, "Dakata. Littafin dokar wasan ne ya ba shi ƙarfi, shi ya sa ya hau. Bari sabon littafi ya fito a rage masa, za ka same shi yana neman mai saye." Wanda kuma aka daina bugawa, sai ya raɗa maka ka riƙe naka gam, don ba ya ƙara sauka.

Sabon shiga da ba shi da runduna, sai ya ara masa tasa. Wanda ya karya takobin soja, ya liƙa masa kyauta, ya haɗa masa da faɗa.

Amma abin da kowa ya san shi da shi, shi ne ba ya zana ido.

Zai yi sulke har ka ga tsatsa. Zai yi laka a ƙafar doki. Amma in ya zo kan ido, sai ya sa inuwar kwalkwali ya wuce. Ya ce malamai sun yi magana a kan zanen mai rai, shi ba malami ba ne, sana'a ta kawo shi nan, amma a ido ya ja wa kansa layi. Wani ya taɓa cewa zai ninka masa kuɗin aiki in ya ɗiga ido biyu kawai. Kun san amsar da ya samu: albarka.

A hankali abin ya zama sa hannunsa. A teburin wasa a Jidda, da an ga soja mai inuwa a fuska sai ka ji an ce, "Wannan na Lawali ne." Ana ƙara kuɗi a kan haka, ba a ragewa. Ni shaida ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidansa ce, a unguwar Waziriyya, makon da ya wuce. Ya buɗe mini kabad ɗinsa na gilas. Tsofaffin rundunoni ne da aka daina bugawa, ya tara su da guminsa, ya fente su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wasu sun sayi fili a gida. Ni ga gonata."

Sai ya kama hannuna. "In ta Allah ta kasance, kar ka bari a kwashe su a kwali kamar dabino. Sau ɗaya a rayuwarka, Bakano, ka tsaya gefen mai sayarwa."

Na ce haba Baba, wace irin magana ce wannan? Ya ce shayinka zai huce.

Ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu ran makoki. Iƙamar matarsa Inna Habsu da ta Zulaiha, wato takardun izinin zamansu a Saudiyya, a kan tasa suke rataye. Sai dai wani ikon Allah, Damagaram za su koma, garin da Zulaiha ba ta sani ba sai a waya. Kabad ɗin nan shi ne abin da za su fara rayuwa da shi a can. Babu wani.

Ɗazu a wajen gaisuwa wani mai sayar da irin kayan a intanet ya zo. Ba zan kama suna ba. Ya yi ta'aziyya, ya leƙa kabad, ya ce wa Zulaiha da Larabci ai kayan ba a gama su ba, ko ido babu, amma zai taimaka ya kwashe duka ya rage musu kaya.

 Na yunƙura zan yi magana, ta riga ni.

Zulaiha a Jidda aka haife ta. Tana jin Hausa, amma in za ta mayar sai Larabci ya cinye rabi. Ta dube shi, idonta jawur, ta ce, "Albarka."

Sak muryar babanta. Nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

To 'yan teburinmu, ku ji ni da kyau. Sojojin nan an gama su tsaf. In an share makoki, da izinin Inna Habsu, za mu fito da su ɗaya-ɗaya, kowanne da darajarsa yadda ya koya mana: wanda aka daina bugawa, wanda shi kaɗai ne, da aikin hannun da ba za a sake ba. Na san abin da suka kai, ku ma kun sani. Ni zan tsaya a kai, kuma ni Bakano da bakina nake faɗa: ba a tayi.

Wanda ya saya kuma, don Allah kar ya ɗiga musu ido.

Ya Allah, bawanka Lawali ya bar kuɗi a tebur don tsoronka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka nuna wa idanunsa rahamar da ya yi fata. Ka riƙa wa Inna Habsu da Zulaiha a duk inda suka sauka.

Kai da ka karanta har nan, ko kana cikin masu yi mini dariyar 'yar tsana, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Sunansa Lawali.