Tsarabar Taubashina

Ni dai tun da na ga taubashina na Yekuwa ya sauko daga moto riƙe da kaza ya kamata in rufe ƙofa. Mutumin da ko ƙuda ya faɗa masa a fura sai ya tsotse shi kafin ya yar, yau shi ne da tsaraba!

"Bawana, ga ta, a yi wa yara romo," in ji shi.

"Wa ya mutu ya bar maka gado?"

"Kai dai karɓi, matsiyaci."

Ashe ciwon kaji ne ya shiga garinsu. Ku kun sani, in ya shiga, kowa alhaji ne: wanda bai taɓa ba ka goro ba sai ya kawo maka kaza. Na san haka sarai, kwaɗayi ya rufe min ido. Maimakon wuƙa, na sake ta cikin kajina, wai ta yi ƙwai.

Kwana uku, gidana ya koma lopital, asibitin kaji sosai. Wannan ta saki fukafukai, waccan tana gyangyaɗi da rana tsaka, kashi kore ko'ina. Tsohuwata ta bar mana doka: a watsa hatsi, wadda ta ruga a bar ta, wadda ta tsaya kallo a wasa wuƙa tun ba ta zama mushe ba. Haka na yi. Muka ci nama har maƙwabta suka fara gaishe ni da ladabi.

Saura jan zakarana. Zakaran da in ya yi cara nan Magariya sai an yi alwala can garin Bande. Duk kartiyenmu, unguwa guda, babu kazar da ba ta san shi ba. Na watsa hatsi, ya dube shi, ya dube ni.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka yanka."

"Tunani yake."

"Tunanin lahira ba. Dubi zankonsa ya yi baƙi."

Na ƙi. Na ɗura masa ruwan barkono, na jiƙa masa maɗaci, na fasa masa maganin nan mai ja da rawaya na 'yan tebur. Washegari wuyansa ya murɗe, yana kallon sama kamar mai neman wata.

"Yanzu fa?" in ji ta.

"Kawo wuƙa."

Wuƙar ta dakushe da wuyan 'yan'uwansa. Ina durƙushe ina wasa ta a dutse, ya shura ƙafa sau biyu, shi ke nan. Ko romonsa ban sha ba. Na haƙa rami bayan gida na binne shi, maiɗakina na tsaye tana min kallon da ya fi zagi ciwo.

Ita kuwa baƙuwar, uwar bala'in? Ta warke garau. Ita kaɗai ta rage, tana taƙama a tsakar gida kamar ita ta biya haraji. Zakaran maƙwabta ya bi ta, ta ƙyanƙyashe bakwai.

Bayan girbi sai ga ɗan banzan nan, hannu rabbana.

"Bawana, akurkina fayau. Ka ba ni 'yan tsaki biyu in yi iri. Ai jikokina ne."

Na kama hannunsa, na kai shi bayan gida, na nuna masa ramin.

"Ga rabonka nan. Tona."